Shekara Tara Ina Zagin Likitan Yaya Sale

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Sale a Wurno, amma sai watan jiya na gane abin da ya kashe shi. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Yaya Sale shi ne mai dandaƙar shanu a yankinmu. Daga Surko har Dingaya ta ƙasar Gwaram, duk wanda bijiminsa ya ƙi garma, shi ake kira. To shi ne fitsari ya fara yi wa gardama, muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, kuma sinadarin mazakuta ne abincin ciwon. Sai an cire 'ya'yan maraina.

Yaya ya yi dariya har da tari. "Likita, sana'ar tawa za ka gwada a kaina? To Allah ya sa hannunka ya kai nawa."

Aka yi, kuma wallahi ya miƙe! Damina biyu yana huɗa da kansa. A majalisa ana ce masa takarkari, yana ramawa. A ta uku ciwon ya dawo, ya shiga ƙashi, ya tafi da shi.

Mu masu shanu mun san sa da aka dandaƙe ba ya komawa bijimi. In ya koma, mai aikin ne bai iya ba. Da wannan lissafi na yanke wa likitan hukunci, na bi kasuwa da makoki ina cewa an naƙasa yayana a banza. Mutum uku na sani da suka ƙi asibiti saboda bakina. Biyu sun rasu.

Bana nawa fitsarin ya fara. Gwaji ya nuna ciwon Yaya ne. Na ce wa likitar, wata yarinya sa'ar 'yata, ni ba mai dandaƙe ni.

"Baba, zauna tukuna," in ji ta. Ta ja takarda ta zana mini. Ashe ƙwayoyin ciwon suna da wasu bakuna da suke cafke sinadarin. In an yanke abincin, yawancinsu su bushe. Amma wasu sai su ƙara yawan bakunan, har ɗan guntun da ya rage a jiki ya ishe su. Wasu su koyi haɗa nasu. Wasu ma bakin ya ci gaba da aiki ko babu abinci. Jama'a, ashe aikin bai ɓaci ba! Ciwon ne ya sake dabara!

Kuma yanzu akwai allura maimakon wuƙa, akwai ƙwayar da ke toshe bakin kansa. Ta ce ba warkewa ba ce, jinkiri ne, kuma ba kowa ke samunta da sauƙi ba. Duk da haka don murna da ƙyar na iya zama a kujerar. Da Yaya na nan, na san zai buga cinya ya ce, "Takunkumi ke nan! Abin da muke sa wa shanu kar su ci shuka!"

Kayan aikinsa sun yi tsatsa a zaure. Abin da bai yi tsatsa ba shi ne dariyar nan da ya yi ya miƙa wuya, ya ci damina biyu da ita. Na karɓi allurata. Likitan Yaya kuma, in yana raye, ya yafe mini.

Na ukun waɗanda suka ƙi asibiti saboda bakina, Malam Idi, har yanzu yana fama a ɗaki. Ran Litinin a bayan babur ɗina zai tafi asibiti, ko yana so ko ba ya so.