Azurfar da ke yawo cikin ruwa

Shekarun baya, lokacin da yanar ido ta fara rufe ganin mahaifina, ƙanena ya dawo Agadez hutu daga ƙasar da ya tafi karatu. Mu gidan maƙeran azurfa ne. Tun ranar da yaron nan ya ajiye zugazugi ya bi lakwal, wato makarantar boko, mahaifinmu bai sake yi masa doguwar magana ba. Gaisuwa kawai, sai shiru. Ƙanena kuwa ba abin da yake so a duniya kamar tsohon ya ce masa har yanzu shi ɗan gidan ne.

A maƙerarmu akwai wata fata da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai aiki. Duk garin azurfar da magagari ya zubar, a kanta yake sauka, a tattara shi cikin gwangwani. Ba a sayar da garin nan, ba a kyautar da shi. Sai ranar da yaro ya kawo aikin hannunsa na farko uba ya yarda da shi, sannan a narka masa curi daga ciki. Ƙanena bai taɓa samun nasa ba.

Da hantsi ya shigo maƙera da wata ƴar kwalba mai ruwa rawaya. Ni da nake gefe ina ɗinkin fata na ɗauka turare ne, har na miƙa wuyan hannu a ɗiga mini. Ya yi dariya, ya durƙusa gaban mahaifinmu.

"Baba, ga aikin hannuna."

Tsohon ya laluba kwalbar, ya girgiza ta kusa da kunne. "Mi ke ciki?"

"Azurfa ce, Baba."

"Ina take?"

Sai ƙanena ya fara bayani a hankali. Ya ce a ɗakin bincikensu ana shafa azurfa a kan ƙarau, wato gilashi, shafi siriri, ko fatar albasa ta fi shi kauri nesa ba kusa ba. A nutsa shi cikin ruwa, a harbe shi da wani haske da ake kira lazer. Hasken yana zuwa ya wuce da saurin da zafi ba ya samun lokacin yaɗuwa, sai inda ya taɓa kaɗai ya narke ya fantsama. Ɗigon ya huce nan take ya zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, suna yawo cikin ruwan ba sa nutsewa. Su ne suka ba shi wannan launi.

Ina saurare, hankalina ya tafi. Na riƙa ganin ƙwayoyin suna shawagi a hankali kamar ƙurar da ke rawa cikin hasken taga, har allura ta soke ni.

Mahaifina ya ɗaga kwalbar saitin ƙofa. A lokacin ya daina ganin zanen da yake yi wa zobe, amma haske da launi suna isa gare shi. Rana ta ratsa ruwan, rawayar ta kwanta a fuskarsa.

"Duk rayuwata ina tsaron gari kada ya tsere mini," in ji shi. "Kai kuma da gangan kake yin shi."

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ni ma na ce a raina shi ke nan.

Tsohon ya ajiye kwalbar kusa da uwar maƙera, ya jawo gwangwanin. "Zo ka zuga mini wuta." Ƙanena ya zauna inda ya bari tun yana yaro yana zuga wuta, tsohon ya ɗebi gari daga gwangwanin ya narka curi. Da curin ya huce, mahaifinmu ya danƙa masa a tafin hannu.

"Kai wa hasken nan naka, ya gwada tamu."

Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kwalbar tana tagar ɗakina, kuma duk sanda na kalle ta kewarsa ce ke kama ni. Rawayar ta dusashe da shekaru, ƙwayoyin sun haɗu sun kwanta a ƙasa, ɗan gari toka-toka. Ƙanena ya ce ta lalace, zai kawo mini sabuwa. Na ce ya bar mini ita, gidanmu ba a zubar da gari.