Ƙeyata Ce Ta Fito a Bidiyon Walimar Amarya

Lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen unguwar Nima a Accra, kuma sabon shiga a sana'ar ɗaukar hoto. Yayana da ke Turai ne ya aiko mini da kyamara, irin mai dogon bakin nan, tun ranar da na rataya ta a wuya kuwa kaina ya kumbura. Daga Kanda har Alajo ban ga mai hoton da ya kai ni ba. Na sa tela ya ɗinka mini riga ruwan ɗorawa mai kashe ido, aka rubuta sunan shagona a baya da manyan baƙaƙe, alhali shagon nan teburi ɗaya ne a barandar gidanmu. Ga wani aski da nake yi, a kwashe gefe da gefe a bar tsiri a sama, a zana layi biyu a ƙeya. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin, wallahi, ji nake Accra ta yi mini kaɗan.

Masu hoto na zango, wato unguwannin Hausawa na nan Ghana, suna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. In kun haɗu a wurin biki, ko ba ku san juna ba, sai ku fara gaisawa, kowa ya faɗi ɓangaren da ya kira shi, sannan ku raba wuri: kai ka tsaya dama, ni hagu. In za ka wuce ta gaban kyamarar wani sai ka sunkuya, kafin ka tsaya a ko'ina kuma sai ka waiwaya. Na san duk wannan sarai. Kawai dai na ɗauke shi surutun tsofaffin da ƙafarsu ta gaza sauri.

Wata Lahadi da safe dangin wani ango suka kira ni unguwar Maamobi ɗaukar hoton walimar amaryarsu. A zangonmu, da yawa daga cikin 'yan mata da suka sauke Alƙur'ani sai ranar aurensu ake yi musu walima. A zaunar da amarya gaban malaminta, a miƙa mata allo mai zayyana, malam ya biya ta karanta a gaban jama'a. Karatun gajere ne, kuma sau ɗaya ake yin sa. An kafa rumfa a wani lungu matsattse, gefe guda bango, ɗaya gefen kwata, mata sun cika ko'ina da anko. Da na iso na tarar da wani dattijo mai furfura ya riga ya kafa kyamarar bidiyo a kan ƙafafunta uku, daidai saitin tabarmar amarya. Dangin amarya ne suka kira shi. Ya yi mini sallama da fara'a, ya miƙo hannu, ya fara ce mini ɗana, ga inda ya kamata mu tsaya. Na ba shi yatsu biyu, na kalli tsohuwar kyamararsa na taɓe baki, na yi gaba ban bar shi ya ƙarasa ba.

Abin da yake son faɗa mini, wanda sai daga baya na ji, shi ne mahaifiyar amarya ba ta ƙasar. Shekaru tana aikin gida a wata ƙasar Larabawa, da guminta yarinyar ta yi makaranta, kuma masu gidan sun hana ta hutu ta zo bikin. Abu ɗaya ta roƙa: a ɗauki karatun 'yarta a bidiyo daga farko har ƙarshe a aika mata. Ba ta ce anko ba, ba ta ce rawa ba, karatun kawai.

Da aka fito da amarya aka zaunar da ita, na hango haske ya sauko kan fuskarta ta wata ɓular rumfa, na ce a raina yau zan ɗauki hoton da za a yi maganarsa har Kumasi. Na kutsa tsakanin mata na tsaya ƙyam a tsakiya, taku biyu daga tabarma. Malam ya biya, amarya ta fara karatu, ni kuwa sai ƙyas-ƙyas nake yi. Na ji an ja mini riga ta baya, na girgiza kafaɗa. Aka sake ja, na bige hannun ko waiwayawa ban yi ba. Bawan Allah nan ba shi da inda zai matsa, bayansa kwata ce, gefensa mata sun danne shi, kuma ana karatun Alƙur'ani, ba zai ɗaga murya ba. Haka na tsaya har aka shafa Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa. Na fita ina duba hotunana ina yaba wa kaina.

Bayan kwana uku ina zaune a baranda sai ga dattijon nan da kwamfutarsa a hammata. Bai yi faɗa ba. Ya gaida mahaifiyata, ya nemi kujera, ya ce yana so in ga wani aiki in ba shi shawara, tunda ni ɗan zamani ne. Na gyara zama ina jin daɗi. Ya kunna. Jama'a, ga muryar amarya nan tana fita tsaf, mai daɗi, amma allon kwamfutar gaba ɗaya rigata ce ruwan ɗorawa, da sunan shagona, da ƙeyata mai layi biyu tana sheƙi da gumi. Wani wurin ma har sosa ta na yi. Ƙannena mata biyu da suka leƙo suka faɗi ƙasa don dariya, mahaifiyata ta riƙe baki tana salati. Ni ma na fara 'yar dariyar kunya, sai dattijon ya gaya mini labarin uwar amarya. Ya ce tun ranar bikin take kiransa safe da yamma tana tambayar bidiyo, ya rasa abin da zai ce mata, amarya kuma da ta gani kuka ta yi. Nan take na daina dariya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ce a sake shirya karatun mu ɗauka. Ya ce walima ba wasan kwaikwayo ba ce, malam ba zai sake zama ba, uwa kuma za ta gane. Sannan ya tambaye ni hoto nawa na ɗauka a tsayuwar nan tawa. Na ce da yawa. Ya ce to, shi yana da murya ba fuska, ni ina da fuska ba murya, sai in taso. Kwana biyu muka yi a ɗan shagonsa muna jera hotunana a kan muryar amarya, kowane hoto daidai wurin da take karantawa. Kowace safiya sai ya saya mana koko da ƙosai, yana tsokanata wai in zauna a bayansa kada in rufe masa kofi. Aikin ya yi kyau, muka aika, uwar ta yi godiya. Sai dai 'yan matan amarya sun riga sun yaɗa guntun bidiyon farko a wayoyinsu. Kafin mako ya zagayo, daga Nima har Maamobi ba mai kirana da sunana, sai Mai Ƙeya. Na aske kaina tas, na ba da rigar, sunan bai tafi ba.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Bayan fiye da shekara guda, mahaifiyata ta aike ni Kasuwar Malam Atta sayen albasa. Ina sunkuye ina zaɓa sai na ji wata mata daga bayana ta ce kai mai hoto, juyo in ga fuskarka yau dai. Na juya na ga dattijuwa da ban taɓa gani ba tana ta dariya. Uwar amarya ce, ta dawo gida. Ashe ta matsa wa dattijon sai da ya aika mata da na farkon ma, ta ce ta kalle shi ba adadi, ta san ƙeyata fiye da fuskar surukinta. Masu albasa suka yi ta dariya, ni ma na taya su, na durƙusa na ce Mma a yafe mini. Ta ce ta yafe tuntuni, hotunan ma sun yi kyau. Sai ta rage murya ta ce abu ɗaya ne hoto bai nuna mata ba. Tun yarinyar tana ƙarama, in za ta fara karatu leɓenta na ƙasa rawa yake yi, sai ta ɗago ido ta nemi uwarta sannan ya tsaya. Tunda ni ne na fi kowa kusa da ita ranar, in gaya mata, leɓen ya yi rawa? Ta ɗago ido?

Taku biyu ne tsakanina da yarinyar, amma haske nake kallo da inda zan samu hoton da za a yabe ni. Ban gani ba, kuma na hana wadda ta fi kowa buƙata ta gani. Ta dafa kafaɗata ta ce ba komai, Allah ya yi mini albarka, ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Yau ni da dattijon nan tare muke aiki, shi bidiyo ni hoto, kuma har yanzu bai daina tsokanata ba. Abin da na koya shi ne kowace kyamara da ka gani a wurin taro akwai wanda yake jiran ya gani ta cikinta, wataƙila yana can wata ƙasa ya ƙura wa waya ido. 'Yan'uwana masu hoto, da ku masu ɗaga waya sama a kowane biki, don Allah ku gaisa da wanda kuka tarar, ku saurari abin da zai ce har ƙarshe, in an ja muku riga ku juya. Wani abin sau ɗaya yake faruwa, in ka rufe shi ba gwanintar da za ta dawo da shi. Ni dai tun daga ranar kasuwar nan, ko layin sayen wake da shinkafa na shiga, sai na waiwaya na ga gaban wa na tsaya.