Geron Tambari a Bakin Teku

Namadi manomi ne daga wani ƙauye a gefen Dauran, a ƙasar Zurmi, gajere, mai taurin kai, wanda in ya dubi sama ya ce ba za a yi ruwa ba, mata sukan baza shanyarsu su tafi unguwa. Abin da ya gada bai wuce gona biyu da irin gero ba, amma irin nan shi ne duk taƙamarsa. Kakansa Tambari ne ya fara ware shi, shi ya sa ake ce masa geron Tambari. Zangarniyarsa tana da gashi mai tsini da ke hana tsuntsu sauka, ga shi yana nuna da wuri, tun yunwar damina ba ta gama karya mutane ba. Kowace kaka Namadi kan shiga gona shi kaɗai kafin girbi, ya yanke zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban. Ko matarsa Hannatu ba ta isa ta taɓa wannan damin ba.

Shekara arba'in yana haka, sai 'yan bindiga suka shigo ƙauyen da rana tsaka suka banka wa rumbuna wuta. Kowa ya gudu da abin da ya fi so. Wasu suka ja awaki, wasu suka rungumi tabarma, shi kuwa Namadi ya fito da ƙaramin buhu mai tiya biyu na iri, ko takalmi babu a ƙafarsa.

A Kaura Namoda suka samu ɗaki ɗaya bayan kasuwar hatsi. Mutumin da ya saba cika rumbu uku ya koma ɗinke bakin buhunan wasu da basilla. Damina biyu ta wuce bai shuka ko ƙwaya ba. Maƙwabtansa na da, waɗanda ya taɓa ɗibar wa irin, sun daka nasu sun sha tuni, kuma ba mai ganin laifinsu. Akwai ranakun da tukunya ba ta hau wuta ba, Hannatu ta dubi buhun, shi kuma ya dube ta, ta kau da kai. Duk Juma'a da hantsi yakan baza irin a rana, ya kaɗe ƙwari, ya sake gauraya shi da toka da ganyen dogonyaro. Ya san iri ba ya jiran mutum har abada. In bana ma bai shiga ƙasa ba, to geron Tambari ya ƙare a duniya.

Allah ya sa wani tsohon abokinsa, Liman, ya ara masa gefen gona a Ɗan Isa, kusa da titi. Saura wata biyu ruwa ya sauka.

Cikin wannan jira ne 'yarsu Firdausi, ma'aikaciyar jinya a Legas, ta kira waya. Ita da mijinta Fahad sun kama masauki na mako guda a bakin teku, bayan ƙaramar Sallah, don iyayenta su huta. Namadi ya ce shi bai gaji ba. Firdausi ta sa kuka, ta ce rabon da ta ga ya yi dariya har ta manta. Ya yarda, amma da buhunsa zai tafi, domin ɓerayen Kaura ba su san Tambari ba, yunwar maƙwabta ma haka.

Masaukin a hawa na shida yake, ɗaki biyu da falo, da kicin mai murhun gas da tukwane, kowa ya dafa abin da ransa ke so. Hannatu ta ji daɗin wannan, don da ma ta ce ba za ta ci girkin da ba ta ga hannun mai yinsa ba. Ta zo da kukarta da daddawarta, rana ta farko gidan ya ɗauki ƙamshin miyar gida. Daga baranda kuwa ba abin da ake gani sai ruwa, har inda ido ya gaza. Namadi ya daɗe tsaye yana kallo.

"Ruwan ga duka, ba a noma komi da shi?" ya tambayi surukinsa.

"Gishiri ne, Baba," in ji Fahad.

"Kai, an yi asara."

Duk da haka hutun ya fara kama shi. Ya yi barcin rana, abin da ya manta yadda ake yi. Jikarsa Mardiyya, 'yar shekara shida, ta ja shi bakin ruwa, igiyar ruwa ta biyo shi ya zura da gudu yana salati, har hularsa ta faɗi. Firdausi ta ji dariyar da take nema. Ranar nan ba wanda ya ambaci Dauran.

Rana ta huɗu Juma'a ce. Da hantsi, sauran suna shirin fita, Namadi ya shimfiɗa zanen Hannatu a baranda, ya baza irinsa kamar kullum, bai gaya wa kowa ba. Bayan masallaci suka bi gaɓar teku a ƙafa, suka yi nisa, suka zauna cin gasasshen kifi. Can sai gajimare ya taso daga kan ruwa, baƙi ƙirin.

"Baba, ko mu koma? Kamar ruwa za a yi," Fahad ya ce.

Namadi ya ɗaga kai ya duba, irin duban da ƙauye guda ya dogara da shi shekara da shekaru. "Hadarin bazara na, ɗana. Iska shika yi shi watse. Wa yat taɓa ganin ruwa watan ga?"

Gaskiyarsa, a ƙasar Zurmi ba a taɓa gani ba. Sai dai ba a ƙasar Zurmi yake ba, kuma Fahad ya ji nauyin musa wa suruki. Ɗigon farko a bayan hannun Namadi ya sauka. Ya kalle shi, ya miƙe zumbur, ya kama gudu cikin rairayi, tsoho mai shekara sittin da biyar, ruwa na dukansa kamar da bulala. Da suka iso an ɗauke wuta, na'urar hawa bene ba ta aiki. Ya haye benen nan shida da ƙafa yana haki, ya kuma tsaya jiran Fahad da makulli.

Baranda ta zama tafki. Toka ta narke, rabin irin ya bi magudana, sauran yana kwance cikin zane ya sha ruwa ya ƙoshi. Namadi ya durƙusa yana tsince shi da yatsu. Hannatu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, mi kay yi haka?" Sai ta durƙusa ita ma.

Suka baza shi a falo. A gida, yini guda na rana ya isa ya busar da shi ƙayau. Nan kuwa kwana biyu ana ruwa, wuta ba ta dawo ba, iskar ma kanta jiƙe take, ko rigar da aka wanke ba ta bushewa. Namadi ya zauna yana yi masa fifita da murfin tukunya har hannunsa ya sage. Ranar Lahadi da safe ya duba, ya ga kowace ƙwaya ta fito da farin tsiro. Shekara biyu da rabi irin yana jiran ruwa, ya samu, ya yi abin da aka halicce shi ya yi. Kusan duka ya tsira, ga shi kuwa har yanzu ƙasar Ɗan Isa ƙuna take kamar kasko. Baƙin cikin da ya kama Namadi ya fi na ranar da aka ƙona rumbunansa, domin wancan aikin wasu ne.

Hannatu ba ta iya kallon abinci yana lalacewa. Da la'asar, bayan an kawo wuta, ta ce, "Malam, in an bar shi gobe ruɓewa za shi yi." Ya janye ƙafarsa daga kan zanen. Ta kwashe, ta wanke, ta markaɗa a ɗan injin kicin, ta dama kunu. Geron da ya tsira zaƙi gare shi, ko sukari ba ta sa ba.

A baranda suka sha, teku na ta aikinta. Firdausi ta riƙe kofinta ta kasa kai shi baki. Mardiyya kuwa, da ba wanda ya gaya mata komai, ta shanye nata ta miƙa a ƙara mata, sannan ta dafa gwiwar kakanta.

"Tsoho, kunun nan ya fi kowanne daɗi. In za ka dawo, ka kawo mana buhu babba."

Namadi ya dubi kofin da ke hannunsa, bai ko kurɓa ba. Ya juye mata shi cikin nata.

"Sha a hankali, amarya," ya ce. "Shi ke nan wanda yar rage."