Ranar da Na Yanke wa Kawuna Hukuncin Rataya

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Lokacin ban daɗe da gama sakandare a Daura ba, na koma ƙauyenmu kusa da garin Babban Mutum, inda kowace takardar Turanci ni ake kawo wa.

Kawuna mai fataucin awaki ne. Rigima ta haɗa shi da wani dillali a kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ya kai masa sanda, magana ta kai kotu. Ranar hukunci aka sallamo shi da takarda a hannu. Kunnensa na da nauyi, bai ji bayanin tafinta ba. Da la'asar ya miƙo mini ita a zaure, ya ce, "Ɗana, duba mana abin da suka ce."

Na ga kalmomi biyu a jere, "suspended sentence". Na ɗauko ƙamus na bi su ɗaiɗai. Ta biyun hukunci. Ta farkon kuwa, ma'anar da na fara gani ita ce ratayewa. Na haɗa, na faɗa wa mutanen da ke zauren cewa hukuncin rataya ne.

Matarsa ta fasa kuka daga bayan ƙofa. Wani dattijo ya ce, "To me ya sa suka sako shi?" Na sake dubawa, na ga an ambaci shekara ɗaya. Na ce sun ba shi shekara ya yi sallama da iyali. Ban san inda na samo wannan ba, amma ko muryata ba ta rawa.

Washegari da safe kawu ya hau babur ya nufi Kongolam zai tsallaka Nijar. Allah ya sa ya tsaya sallama da wani tsohon masinjan kotu, abokinsa. Mutumin ya karanta, ya ce, "Wa ya fassara maka? An jingine hukuncin ne. Ka shekara ba ka yi faɗa ba, shi ke nan. Koma gida."

Kawu ya dawo kafin azahar. Bai zage ni ba. Ya dai ce, "Malam, sannu da aiki," ya shige ciki. Bai sake kawo mini takarda ba har ya rasu.

Yanzu ina koyar da Turanci. Abin da na koya a ranar shi ne, wasu kalmomi tare suke tafiya, in ka raba su ka ɓata su. Kuma cewa "ban sani ba" ya fi sauƙi a kan abin da na jawo wa gidan nan.