Ranar da Daktor ya yi wa kurna bayani

Ban taɓa mantawa da wata safiya a unguwar Nakkasa ta Makka ba, farkon shekarun sittin, ina shugaban 'yan feshi a aikin yaƙi da sauro. Ku da kuka zo bayanmu ba ku san aikin ba. Kafin Hajji mukan bi unguwa-unguwa, mu leƙa kowace randa, wadda a nan ake kira zir. Inda muka ga tsutsar sauro mu zubar da ruwan, kududdufi mu zuba masa mai, bango mu fesa. Sama da ni akwai jami'in lafiya, Daktor Usman, Basudane ne da ya yi karatu a Masar. Mutumin kirki, amma abin da bai gani a madubin likita ba, a wurinsa babu shi.

A shekarar zazzaɓi ya kama yara sosai a wani lungu. Muka bi lungun tare da Daktor har tsakar gidan wata tsohuwa, Goggo Tabawa, Bagobira da ta zo a ƙasa ta Sudan. Akwai kurna a gidan, a gindinta ga zir a buɗe, tsutsa sai rawa take yi a ciki. Na sa hannu zan karkata, Goggo ta riƙe ni.

"Ɗana, ba nawa ba ne. Na mutanen kurna ne."

Ta ce tun kakarta suke tare da gidansu, da za ta taho suka biyo ta. Na ce, "Goggo, a Makka fa muke." Ta ce sallarta ba ta wuce ta, ba bauta musu take ba, maƙwabta ne, maƙwabci kuwa ba a hana shi ruwa.

A ƙa'ida, wanda ya hana mu aiki rahotonsa ake kaiwa. In rahoto ya tafi da wannan bayani, tsohuwar da ba ta da iƙama, takardar izinin zama, sai a sa ta a jirgin ruwa a mayar da ita gida. Daktor ya san haka. Ya cire tabarau, ya goge, ya ce in gaya mata babu kowa a bishiyar. Na gaya mata. Ta ce to shi ya faɗa musu da bakinsa.

Daktor ya dube ni, ya dubi yaran da zazzaɓi ya kwantar a rumfa, ya ce, "Tayyib," wato to. Ya gyara farar rigarsa, ya tsaya gaban kurna, ya yi sallama. Ya fara da Larabci, Goggo ta tsayar da shi: mutanen kurnar Gobirawa ne, ba sa jin Larabci. Haka na zama tafinta tsakanin jami'in gwamnati da itace.

Ya yi bayanin yadda sauro ke ƙwai a ruwa, ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta yi fiffike. Tun yana jin kunya har ya sake, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. 'Yan feshina sun juya baya, kafaɗunsu na girgiza. Ya ƙare da roƙon a riƙa canza ruwan, a kuma rufe zir ɗin. Yana rufe baki sai ɗan kurna ya faɗo, tas a tsakiyar sanƙonsa.

Goggo ta ce, "Sun amsa."

Daktor ya shafa kai ya ce, "Hawa bas." Na fassara yadda ya faɗa: "Ya ce iska ce kawai."

Fuskar Goggo ta washe. "Ai abin da nake ta faɗa ke nan. Ashe ɗan nan ya san su."

Na buɗe baki zan yi gyara, na tuna a Hausa kalmar ɗaya ce, sai na rufe. Daktor ya tambaye ni me ta ce, na ce ta yarda da bayaninsa. Ya ji daɗi ƙwarai.

Saura maganar murfi. Ni na tambaya, don tsokana, yadda za su sha a rufe. Goggo ta harare ni. "Waɗanda suka ƙetare bahar ba fasfo, faifai ne zai tare su?"

Da hannunta ta zubar da ruwan. Muka fesa gidan, ta bi mu gidajen maƙwabta tana cewa mutanen kurna sun ce a rufe randuna. Abin da muka yi makonni muna roƙo, ta gama shi kafin azahar. Zazzaɓin ya lafa a lungun.

A mota na faɗa wa Daktor gaskiyar fassarar. Ya yi dariya har da tari, ya ce har yanzu babu kowa a bishiyar, amma tunda ya fara aiki bai taɓa samun mai saurare irin kurnar nan ba, ko sau ɗaya ba ta katse shi ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba a aike ka ka zubar da abin da ke cikin kan mutane ba. Na cikin randa aka ce ka zubar. In ka bar wa mutum nasa, sau da yawa shi zai riƙe maka ɗaya kunnen randar.