Rabon Tukur

Rahamatu ba da son ranta ta shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Tun zamanin Nasara aka aiko Tungar Rissa, wani ɗan ƙauye da ke bisa dutse arewa da Barmu, aka ce a ba da yarinya guda. Maigari Alƙasum ya dubi 'ya'yansa ya ga duk yana son abinsa, sai ya miƙa marainiyar da ke maƙwabtaka da shi. Aka ɗora ta a jaki tana kururuwa, yayarta Hasana na bin jakin da gudu har tsakuwa ta farfasa mata ƙafa. To, wani hanin ga Allah baiwa ne. Yarinya ta gama makarantar Tawa, ta gama ta Yamai, ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba sai ga ta a jami'a can Dakar tana karatun abinci da lafiyar jiki, wato abin da yaro zai ci ya yi ƙashi, da abin da mai jego za ta sha nono ya kawo.

'Yan Nijar masu wannan karatu ba su cika yatsun hannu ba, amma sai da suka kafa ƙungiya, har da suna, wai Ƙungiyar Ludayi. Manzo, wani ɗan Damagaram mai son girma kamar gyambo, shi ya naɗa kansa shugaba. Tina, 'yar Abzin mai kyawun rubutu, ita ce magatakarda. Ran Lahadi sukan taru su tuƙa tuwon gero don kewar gida, su yi ta gardama kan wake da gyaɗa wanne ya fi gina jiki, har tuwon ya huce. A irin wannan zama suka yanke shawarar in hutun damina ya zo za su koma gida da sikeli su auna yara ƙauye-ƙauye, inda suka ga rama su gaya wa babban likitan Tawa ya aika da madarar gari. Rahamatu ta ce a fara da garinsu. Ba komai ne ya sa ba sai Illa, ɗan Hasana, wanda ta bari a goye, yanzu kuwa ya isa gudu da surutu. Tana son ganinsa, tana kuma son abokanta su ga ita ma tana da dangi.

Akwai wani mutumin Barmu mai dako a bakin teku da zai koma gida noma. Shi Rahamatu ta ba saƙo, ta ce ya gaya wa Yaya Hasana suna zuwa da damina za su auna yara, a kula da su, kada a ba ta kunya a gaban abokai. Da dariya ta faɗa, mutumin kuma bai kai dariyar ba, maganar kaɗai ya kai.

Da suka iso Tawa sun ji ƙishin-ƙishin cewa daminar bara ba ta yi kirki a arewa ba, amma ma'aikatan da suka tambaya duk sai su ce lafiya lau, su sake zance. Suka ɗauki hayar kamyo, babbar motar kaya ta wani mai fataucin albasa, suka kama hanya da sassafe. Bayan Barmu Rahamatu ta fara ganin abin da bai yi mata daɗi ba. Itatuwan anza da ke gefen hanya duk an tsige su tas, ba ɗa ko guda, anza kuwa ɗacinta ya isa, ba a cinta sai in abu ya kai intaha. Gidajen tururuwa an tone su, ramuka jere a fako kamar an shirya binne mutane. Manzo kuwa na ta waƙa.

Da hantsi suka shiga gari. Duk wanda ya san ƙauye ya san mota ba ta tsayawa sai yara sun yanyame ta. Wannan ta tsaya, direba ya kashe inji, ba yaro ko ɗaya. Ba haushin kare, ba kaza, ba ko kukan akuya. Abin da ake ji kawai daka ne, daga kowane gida, tim, tim, tim, ba waƙa, ba tafi, ba hirar mata. Rahamatu ta tashi cikin daka, ta san turmi mai hatsi muryarsa a cike take. Wannan a bushe yake amsawa, icce kan icce. 

Maigari Alƙasum ya tarbe su da babbar riga, ya tsufa, rigar ta yi masa yawa. Aka kawo fura mai kauri da nono a sabuwar ƙwarya. Manzo ya sha ya yi hamdala, ya ce garin da ake dama irin wannan ai ba su ga ta zama ba. Dattawa suka yi murmushi, ba wanda ya miƙa hannu ga ludayi. Rahamatu ta lura ba fuskar Manzo suke kallo ba, maƙogwaronsa suke kallo yana hawa yana sauka. Ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye.

Maigari ya ce yaran garinsu masu tsoron baƙi ne, gara a bi su gida-gida. Haka aka yi. Manzo na rataye sikeli a reshe yana duban allura, Tina na rubutu kanta a sunkuye, Rahamatu ita ke karɓar yaro ta sa shi a zanen da ke rataye. Gidan farko aka fito da wani yaro ɓul-ɓul, fata na sheƙi, aka ce sunansa Mamman. Da ta kama hannunsa na hagu sai ta ji ɗan ƙaramin yatsa na shida yana reto, ashe cindo ne. Ta yi masa wasa, bai yi dariya ba. Gida na biyu aka ce yara sun tafi wurin kaka. Gida na uku aka fito da wani da 'yar taguwa shuɗiya da laya a wuya, an ranbaɗa masa kwalli, wai shi Arzika. Ta kama hannun hagu, yatsan nan ya kwanta mata a tafi, ɗumi-ɗumi.

Ta ɗaga kai. Uwar gidan na kallonta ido cikin ido, ba ta ko ƙiftawa. Rahamatu ta sa yaron a sikeli. Aka ci gaba, jefi-jefi jariri a goye wanda ba a yarda a kwance ba, sai kuma yaron nan, yanzu da hula, anjima tsirara da toka a ciki, kowane gida da sunan da ake kiransa. Sau ɗaya ma ta hango dangar bayan gida tana motsi, an miƙa shi ta sama. Manzo kuwa sai dariya yake, yana cewa yaran garin nan kamar a ƙwarya ɗaya aka auno su.

Gidan Hasana ne kusan na ƙarshe. 'Yan'uwa suka rungumi juna, Rahamatu ta ji haƙarƙarin yayarta ɗaya bayan ɗaya ta cikin zane. Kafin ta buɗe baki wata tsohuwa ta fito daga ɗaki riƙe da yaro, ta ce ga Illa ya zo gaida innarsa. Rahamatu ba ta ma kama hannun ba. Ta sa shi a sikeli, Manzo ya faɗi nauyi, Tina ta rubuta, suka wuce gaba. Ita ta ce za ta ɗan zauna da yayarta.

Da kowa ya watse Rahamatu ta ce, “Yaya, ina Illa?”

Hasana ta ɗauki taɓarya ta koma bakin turmi. “Ba shi kika auna ba yanzun ga?”

“Wancan tun safe nake auna shi. Ina ɗanki?”

Hasana ta fara daka, turmin kuwa ba komai a ciki. Tsakanin bugu da bugu sai Rahamatu ta ji wani ɗan tari, siriri, kamar daga cikin tulu. Ta waiwaya. Babu kowa sai rumbun ƙasa a kusurwar gida, da jinkarsa a kai, da tsanin icce jingine. Aka sake yin tarin, sannan wani abu ya karci bangon daga ciki a hankali. Wallahi a lokacin ƙafafunta so suka yi su fita da ita daga gidan, ta bi abokanta, a gama aiki a koma Tawa kowa da mutuncinsa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Amma ta taka tsanin, ta ture jinkar.

Zafi da wari suka fara bugunta. Da idonta ya saba da duhu sai ta ga idanu. Yaran unguwar ne zaune a gindin rumbu, sun jingina da bango, ba mai kuka, ba mai ɗaga hannu ya kori ƙuda. Gashinsu ya yi ja ya kwanta, ƙafafu sun kumbura, wuya kamar sillen kara. Ta sha ganin wannan a hoto cikin aji, har ta ci jarrabawa a kansa. Wani ƙarami daga gefe ya ɗago kai ya kai yatsa bakinsa, yana yi mata alamar ta yi shiru. Goshin Hasana ne a fuskarsa sak.

Sai a nan Hasana ta ajiye taɓarya ta yi magana, a tsaye, ba hawaye. Ta ce saƙo ya iso ana tsakiyar wahala. Maigari ya tara mutane ya ce masu sikeli in sun ga yaro da rama kwashe shi suke yi zuwa Tawa, kamar yadda aka ɗauke Rahamatu, sunan gari kuma ya ɓaci har abada a ce ga waɗanda suka kasa ciyar da 'ya'yansu. Sai aka zaɓi Tukur, jikan maigarin, don shi ya fi sauran ƙwari. Tun daga ranar, duk gidan da ya samu tafin hatsi ko kurɓin nono, wurin Tukur ake kaiwa. Sauran yara anza da ganye. Furar da aka ba baƙi kuwa irin da ya rage daga shuka ne.

“Ke kika aiko kada a ba ki kunya,” in ji Hasana. “To, ba mu ba ki ba.”

Rahamatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ƙwala wa Manzo kira. Da ya hau tsanin ya leƙa, sai ya sauko ya je bayan danga ya amayar da furar, daga ranar kuma ba a sake jin ya kira kansa shugaba ba. Suka bi gari suna buɗe rumbuna, maigari na binsu yana tsine wa ranar da ya ba da ita lakwal. Iyaye da yawa suka hana a taɓa nasu. Hasana ba ta ce a ɗauka ba, ba ta ce a bari ba. Rahamatu ta naɗe Illa a mayafinta, bai kai nauyin tulun da ba ruwa ba, suka hau kamyo.

A asibitin Tawa ta haɗa abin da ta sani, madara da sukari da ɗan mai, kaɗan-kaɗan a cokali. Yaro ya datse haƙora. Ta lallashe shi, ta yi waƙa, ta sha a gabansa, Tina ta gwada, ma'aikatan jinya suka gwada, ko kusa. In an ɗura masa sai ya riƙe a baki ya bari ya zubo ta gefe. Likita ya ce in aka ƙara kwana biyu a haka sai dai haƙuri. Rahamatu ta durƙusa ta tambayi yaron don Allah me ya hana shi sha. Ya daɗe yana kallon farar madarar, yawu na zubo masa, sannan ya ce da wata 'yar murya, “Na Tukur ne. Inna ta ce farin abu duka na Tukur ne.”

Duk karatun Dakar babu inda aka koya mata amsar wannan. Ta zauna dirshan a ƙasa. Can sai ta share fuska, ta ɗebo cokali, ta daure murya ta ce, “Wa ya ce maka kai Illa ne? Ai kai ne Tukur. Sha abinka.”

Yaron ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi yana dubawa. Ya dube ta. Sannan ya buɗe baki.

Ya rayu. Madarar gari ta isa Tungar Rissa bayan 'yan kwanaki, ta tarar da wasu, wasu kuwa ta makara. Manzo da Tina suka koma Dakar da hutu ya ƙare, Rahamatu ba ta bi su ba, ta kama aiki a ɗakin yara masu rama na Tawa, a nan kuma ta tsufa. Yaron ya zauna a wurinta yana murmurewa, kuma duk unguwa Tukur suka san shi, don da wannan sunan kaɗai yake cin abinci.

Bayan an yi girbi Hasana ta zo a ƙasa tun daga ƙauye ɗaukar ɗanta. Ta tarar da shi a tsakar gida, kumatu sun fito, ya rungume akushi yana cin tuwo da miyar kuɓewa. Ɗan fari ne, uwa kuwa a yankinsu na Adar ba ta kama sunan ɗan fari, tun haihuwarsa bakinta bai taɓa furta shi ba. Ranar nan murna ta sa ta manta kunya, ta ce, “Illa.”

Yaron ya tsaya da loma a hannu. A hankali ya mayar da ita cikin akushi, ya ture akushin gefe, ya koma ya jingina da bango ya naɗe ƙafafu. Rahamatu ta kasa ɗaga ido. Hasana ta durƙusa ta jawo akushin ta ajiye a gabansa, ta ce, “Ci, Tukur.” Ya ci. Washegari da safe ta koma ƙauye ita kaɗai.