Salula Guda a Kwarin Tarka

Litinin: Damagaram zuwa Tanut

Ƙarfe shida saura kwata, da idar da sallar asuba, na kama hanyar tasha. A jakata akwai ordinatar, wato kwamfuta, tufafi kala biyu, da ambulan a liƙe mai sunan Malam Habu, wakilinmu na Belbeji. Takardar sallama ce daga aiki.

Projen da nake wa aiki yana sanar da makiyaya inda masu rigakafin dabbobi za su sauka kowane mako. Mun buga afish, wato takardun sanarwa na liƙawa, kowane wuri da nasa kod QR, zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da salula sai ta buɗe saƙon murya da Hausa, Fulatanci ko Tamajak. Daga biro, wato ofishinmu, nake ganin sau nawa aka buɗe kowane kod, da ƙarfe nawa, da salula nawa. Na kwarin Tarka, wanda ke hannun Habu, ya fi kowane yawan buɗewa, amma duk daga salula guda, kowace Laraba daga hantsi. Ni da bakina na ce wa Madam, shugabarmu, mutumin nan shi ke haskawa don a ce yana aiki. Ta sa hannu a takardar ta ce, "Je ka gani. In salula guda ce, ka miƙa masa."

Kilomita kusan ɗari da hamsin muka yi, mota na kauce wa ramuka, muka shiga Tanut sha ɗaya da rabi. Afish ɗinmu na nan a bangon tasha, kuma shi ne abin alfaharina, don salula barkatai ke buɗe shi. Na sayi fura ta dala ashirin na zauna ina kallo. Wasu ƴan makarantar lise biyu suka haska, suka saurara kaɗan, suka yi tsaki.

"Samari, me kuka ji?"

"Maganar shanu ce kawai, kawu. An ce mana kiredin waya ake samu."

Har la'asar ban ga mai ko akuya ɗaya ya tsaya ba. Raina ya ɓaci, amma na ce wannan ba zai wanke Habu ba.

Talata: Gangara da Belbeji

Ƙarfe bakwai na hau motar kat-kat ta ƴan kasuwa, ni da buhunan gero da tunkiya mai taka mini ƙafa. A Gangara muka tsaya awa guda. Afish na jikin rumfar mai shayi, rana ta cinye shi har kod ɗin ya koɗe. Na tambayi direba ko ya san Habu.

"Habu mai moto ja? Wa bai san shi ba? Mutumin kirki."

Na ce a raina, to, har direbobi ya saye.

Uku da minti ashirin muka iso bariyar shiga Belbeji. Habu na tsaye can da motonsa, wato babur, yana jirana, dogo, siriri, rawani ya rufe masa rabin fuska. Jandarma ya nemi katin shaida, na zazzage jaka a gabansu kafin na same shi. Habu ya kai ni gidansa, ya ba ni ɗakinsa, maiɗakinsa ta aiko tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Ina ci ina lissafi: wannan tarba ta yi yawa, mai gaskiya ba ya wahalar da kansa haka. Na tambaye shi ina ya liƙa afish ɗin Tarka.

"Ban liƙa ba, Malam. Yana cikin jakata."

Wallahi saura kaɗan in ciro ambulan a lokacin.

"Gobe Laraba," ya ce. "Ka bari ka gani."

Laraba: kwarin Tarka

Takwas daidai muka hau moto. Minti hamsin cikin rairayi da ƙaya, sau biyu ina sauka muna turawa. Muka wuce wata rijiya da shanu suka kewaye, bai tsaya ba, sai kan wani tudu mai itacen aduwa guda. Mutane na zaune a inuwarta, Fulani da Buzaye, raƙuma a gurfane, mata can gefe da jakunansu.

"Nan kaɗai rezon salula ke kamawa a duk wannan yanki," in ji Habu.

Ya warware afish, ya danne kusurwoyinsa da duwatsu, ya haska da salularsa, ya miƙa ta ga wani dattijo da ake kira Baffa Juli. Dattijon ya kara ta a kunne ya saurara har ƙarshe, ya maido. Na bayansa ya matso. Habu ya sake haskawa. Ni kuwa na buɗe ordinatar a kan gwiwata, ina kallon lambar Tarka na hawa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baffa, me ya hana a kunna sau ɗaya kowa ya ji?"

Ya dube ni kamar na tambayi abin kunya.

"Ɗana, garken wani ba nawa ba ne. In na kora shanu kwana biyu na tarar ba kowa, wa zan kama? Abin da kunnena ya ji, shi nake bi."

Ya ciro tasa salular daga zabira, ƴar ƙarama mai maɓallai, ko kamara babu. Duk irinta ce a hannunsu. Da maza suka gama, Habu ya aika salular wajen mata, aka yi ta kai da kawowa har azahar. Salula guda ce, babu ƙarya. Umurnin Madam ya cika sarai, ambulan kuma na jakata. Kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da kowa. Na rufe ordinatar na bar jakar a ɗaure.

Alhamis: komawa

Shida da rabi Habu ya raka ni tasha. Ya miƙo mini cuku a naɗe cikin takarda, ya ce na iyali ne. Sai da na hau mota ya matso jikin taga.

"Malam, takardar nan tawa, ba ka ba ni ba."

"Wace takarda?"

"Na ga sunana tun a bariya, da kake neman kati."

Tun Talata ke nan. Da saninsa ya bar mini gadonsa, da saninsa ya tura moto da ni cikin rairayi. Kafin in buɗe baki, direba ya ja.

Mun iso Damagaram ana kiran magariba. Washegari na ajiye ambulan a teburin Madam yadda ta ba ni, na ce ordinatar salula take ƙirgawa, ba ta ƙirga kunne, kuma in akwai wanda ya yi ƙarya a wannan aiki, ni ne. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yage takardar.

Godiya ga Allah da Ya maido ni gida lafiya, da direbobin da suka ɗauke ni, da Baffa Juli. Malam Habu kuwa, na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Yara sun cinye rabin cukun. Ni har yau ban iya kai shi baki ba.